Ribaɗin Awaki

Duk abin da zan manta a Makka, ba zan taɓa mantawa da ranar da na fara jagorancin ziyara ba. Ina ɗalibi a lokacin, ina neman aikin rakiyar alhazai ido rufe. Mai kamfanin ya ce gwaji ɗaya zai yi mini: in alhazai sun yaba, aiki nawa ne, in sun kushe, in koma ga littattafaina.

Ni kuwa da iyayi, sai na ce ba zan tsaya ga wuraren da kowa ya sani ba. Na karanta cewa a bayan gari akwai kufan wani ribaɗi, gidan da malamai da masu ibada suka zauna shekaru aru-aru. Ban taɓa zuwa ba (kwatance kawai aka yi mini a wurin mai shayi a unguwarmu ta Mansur), amma na ce ai ilimi ya wadatar.

Muna tafe a mota da alhazai na hango katangar duwatsu a rushe. Na ce wa direbanmu, Baba Hamza, dattijo Bahaushe haifaffen Makka, ya tsaya. Ya ce, "Ya waladi, ka tabbata?" Na ce, "Baba, kai dai riƙe sitiyari."

Wayyo bakina! Na nuna ɗakin karatu, na nuna ɗakin halwa. Wani kwami na dutse na ce a nan bayin Allah suke alwala. Wata Hajiya daga Gusau har da hawaye, tana cewa wurin ma wani irin ƙamshi yake yi. (Ni ma na ji ƙamshin, na dai ƙi bin diddiginsa.)

Ina tsakiyar bayani sai ga makiyayi da awakinsa. Suka ratsa mu, suka wuce kai tsaye wurin alwalar bayin Allah, suka kafa kai. Baba Hamza ya yi gyaran murya: "Wallahi wurin nan garken awaki ne. Da ni aka ɗora duwatsun nan ina saurayi. Kai da kake malami, ina mihrabin?"

Na so ƙasa ta tsage. Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba, ga aiki ina kallo yana suɓucewa. Sai na ce, "Jama'a, ku yafe ni, ban taɓa zuwa wurin ba. Baba, ka cece ni."

Ya yi dariya ya ce mu biyo shi. A bayan tudun, ga kufai na gaskiya: mihrabi yana kallon alƙibla, ga ƙananan ɗakuna a jere, ga busasshiyar rijiya. Ya ce a nan kakansa ya kwana da ya iso daga Katsina a ƙafa. Shi yana nuna duwatsu, ni ina kawo abin da na karanta, sai ga tarihi ya zauna daram. Hajiyar Gusau ta sake kuka, wannan karon da hujja.

Alhazai suka ce ba su taɓa ziyara mai daɗin wannan ba. Na samu aikin, shekara shida ke nan, kuma ni da Baba Hamza ake rububi. Sai dai har gobe a Mansur Shehin Awaki ake kirana, ina kuma amsawa. Yanzu in direba ya ce "ka tabbata?", sai kawai in miƙa masa lasifika.