Shehun Indiya da Ɗaɗɗoyar Tsohuwa

Allah Ya yi wa unguwar Fadikpe baiwa, ita ce dai ba ta gode ba. Ya ba ta Malam Garba, wanda ake kira Shehun Indiya, mutumin da ya ƙure addinin Hindu ciki da waje. Ba addininsa ba ne, shi ma yana faɗa. Sani ne ya yi masa yawa har ya tsallaka katanga. Ya samo shi shekarar da ya raka yayansa aikin ƙoda a Indiya. Mahassada na cewa bai ga komai a can ba sai barandar asibiti. Sharri ne. Ya ga kantin littattafai na filin jirgi, ya kuma sayo masu kauri.

Tun daga nan ba a gaishe shi a tsaye, sai an nemi wurin zama.

"Hanya biyu ce a wurinsu," haka yake farawa. "Akwai ta ibada da ƙauna: a kunna fitila, a rera waƙa, a watsa fure. Wannan ta tsofaffin mata ce da waɗanda karatu ya ƙi. Akwai kuma hanyar ilimi, ta masu zurfin tunani. Ba sai na faɗa muku inda irinmu suke ba."

Ilimin yana aiki har cikin gida. Ranar da famfo ya ƙafe, matarsa Amatullah ta ce ya kira mai ruwa. Ya bayyana mata cewa a wurin manyan masanan Hindu duk abin da ido ke gani mafarki ne, har da jarka. Ita ta ɗora mafarkin a ka ta nufi rijiyar maƙwabta.

Sai wasu marasa kunya a majalisa suka fara cewa a fim ya koyi komai. Abin ya ci masa rai. Ya yi shelar lacca a makarantar firamare, ya rantse cewa Ba'indiye na gaskiya, Injiniya Mohan mai gyaran injinan ruwa ta wajen Tagwai, zai zauna a babban tebur ya shaida iliminsa a gaban kowa. Aka buga fasta da hotonsa ya tallafe haɓa. Aka ɗauko hayar kujeru. Abu ɗaya ya rage, ƙarami: injiniyan bai san da zancen ba.

Ana jibi lacca Shehu ya sa babbar riga ya hau keke napep zuwa gidan injiniyan. Zai fita Amatullah ta ce in ya ga ɗaɗɗoya a hanya ya sayo, za ta yi farfesun kan sa.

Injiniya ya tarbe shi da mutunci, suna magana da Turanci. A tsakar gida akwai mahaifiyarsa, tsohuwa ƙanƙanuwa, ba takalmi, tana zuba ruwa a wata shuka cikin tukunya, ga ƴar fitila a gefe, leɓenta na motsi. Injiniya ya sauke murya ya ce daga garinsu ta ƙullo irin a bakin zaninta, sauran duk sun mutu, wannan kaɗai ta kama. Mai tsarki ce a wurinsu, ba ta sa komai a baki sai ta shayar da ita. Shehu bai ji ba, yana shirya abin da zai faɗa.

Ya taka har gabanta da takalminsa.

"Injiniya, fassara wa Mama. Abin da take yi ba laifi, matakin farko ne. Masananku sun ce mai ilimi ba ya bukatar tukunya. In ta zo laccata zan ɗaga ta sama kaɗan."

Injiniya bai fassara ba. Shehu ya ci gaba da zuba, daga ruhi ya koma jiki, daga jiki ya koma ruhi. Ana cikin haka idonsa ya sauka kan shukar.

"Af! Ashe ɗaɗɗoya ce!"

Ya sa hannu ya ɓalle kanta, fiye da rabi, ya sansana, ya cusa a aljihu.

"Ka ce wa Mama na gode. Madam za ta yi mana farfesun kan sa."

Duk iliminsa bai tuna cewa shanu ma masu tsarki ne a wurinsu ba. Tsohuwar ba ta yi ihu ba. Zama ta yi a ƙasa, ta kare abin da ya rage da tafin hannunta kamar mai tare wa fitila iska. Injiniya ya je ya buɗe ƙofa, ya yi amfani da duk Hausar da ya iya: "Malam, sai an jima."

A hanya Shehu ya gaya wa mai keke cewa ya bar Indiyawa biyu sun rasa abin cewa. Wannan kam gaskiya ya faɗa.

Ranar lacca kujerar babban baƙo ta zauna ita kaɗai, da sunansa manne a jiki. Shehu ya yi wa jama'a bayani cewa injiniyan ɗan hanyar ibada ne, irinsu kuwa suna tsoron muhawara. Mai gadin gidan injiniya ya riga shi ba da labari a majalisa, don haka kafin ya ambaci ruhi karo na biyu an watse, sai mai hayar kujeru yana naɗe kayansa.

Tsohuwar tana nan kowace safiya, tana shayar da kututturen. An ce ya fara tsiro.

Farfesun kuwa, in ji Amatullah, ya yi ƙamshi. Shi ne karo na farko da ilimin mijinta ya kawo wani abu gida.