'Yar Baƙa Ta Samu Lamba, Birai Sun Samu Dawa

Ni na fara ganin dokar bindiga a Sakkwato, tun mai shela bai gyara murya ba. Shekarar da Nasara sunka shigo, na tsaya ina kallon yadda suke ƙirga jaki da rumbu da kan mutum, na ce wa jama'a wanda ya ƙirga jakinka zai ƙirga bindigarka. Anka ce Arzika ya cika surutu. To ga shi, jiya na dawo daga bariki da lamba a bindiga, yau birai na walima a gonata.

Ban yi boko ba, maƙwabcina Siddiƙu ke rubuta mani wannan, kuma na ce masa in ya rage kalma Allah na ganinsa. Amma na ga yaƙi na fita, na ga yunwar da ta share rabin unguwarmu na fita, agana ta zane mani fuska ta haƙura ta bar ni. Duk ina tare da 'Yar Baƙa, bindigar tokar da na gada wurin ubana. Ita ke tsare mani dawa a fadama. Bana dawar ta yi kai, birai sun riga mai gona sani, kuma in dawar ta tafi, ni da matata Dijatu labari za mu ci har wata kaka.

Dokar kuwa mai kyau ce, Allah shi ƙara wa manya basira. Mai bindiga shi kai ta bariki, da shaidar ya biya haraji, da dattijon da zai tsaya masa cewa yana da hankali. A buga mata lamba, a ba shi lasin, shi sabunta duk shekara. Ba aro, ba sayarwa, ba albarushi sai da takarda. Wanda anka kama a hanya da bindiga marar lamba, gidan yari. Na tambayi mai unguwa ta ina zan kai ta a buga lambar in ban bi hanya ba. Ya sosa ƙeya, ya ce manya sun fi mu sani. Gaskiya ne, wataƙila su tashi sama suke yi.

Dijatu ta kawo dabara. Ta naɗe bindigar cikin tabarma, ni da Siddiƙu munka ɗauka, shi gaba ni baya. Kafin mu wuce Gawon Nama mutane sun fara miƙewa suna salati. Wani mai goro ya biyo mu neman ladar rakiya, yana tambaya yaro ne ko tsohuwa, don ya ga gawar ba nauyi. Na ce masa tsohuwa ce, amma da sauran numfashinta. Ashe bakina ne zai kama ta.

A bariki munka tarar da maharba daga ƙauyuka sun yi layi cikin rana, wasu har garin geronsu ya ƙare. Gefe guda an gina ɗaki mai rufin kwano, sabo fil, don bindigogin da anka ƙwace su kwanta su yi tsatsa cikin inuwa, da masu gadi a ƙofa kada wani shi dame su. Ban taɓa ganin inda ake girmama ƙarfe haka ba.

Da layi ya zo kaina anka shigar da mu gaban akawun lasin, Mai Girma Uban Hatimi, Gagara Gaisuwa, wanda gemunsa bai gama yanke shawarar fitowa ba. Ya tambayi Siddiƙu ko ina da hankali. Siddiƙu, mutumin da muke cin tuwo akushi ɗaya, ya yi tari, ya dubi rufi, ya ce da safe dai yana da shi. Anka rubuta.

Sannan Uban Hatimi ya juya 'Yar Baƙa, ya nuna gindinta, inda laya take ɗinke cikin jar fata. Duk ɗan maharbi ya san ba a farke layar bindiga, in an farke, kan mai ita take juyawa.

"Baba, a cire wagga fata. Nan lamba ke zama, a jikin icce."

"Ranka shi daɗe, layar ubana ce. Ba hannun da zai farke ta ina numfashi. Buga a ƙarfe."

"Ƙarfen ya tsufa, Baba."

"Ƙarfen dauri ne, ba kwanon rufinku ba. Buga, in kana da hannu."

Da mai hankali ne da ya san dattijo ba gudumar fasa dutse yake nufi ba. Sai ya kira wani ƙato mai wuya kamar turmi, ya zo da ita a kafaɗa. Lambar kuma doguwa, don an riga an ƙirga bindigogin ƙasa kafin tawa, kowane harafi da bugunsa. A na ƙarshe na ji ƙas. Tsaga ta tashi daga lamba har kusa da baki, ana hango rana ta ciki.

Uban Hatimi ya duba da kyau, ya ce madalla, lamba ta fito sarai. Na nuna masa tsagar, ya ce doka lamba ta ambata, ba ta ambaci harbi ba. Ya miƙo mani lasin, ya yaba mani a gaban jama'a cewa ni ne na farko a unguwarmu da ya bi doka. Wanga yabo na karɓe shi, don gaskiya ne, komai ni ke fara shi.

An yi alkawarin albarushi ga duk mai lasin, sai na biya wurin mai ajiya. Ya ce ruwa ya jiƙa shi tun damina, don kwanon da za a rufa masa ɗaki shi anka rufa wa bindigogin da ke hutu. In dawo bayan girbi. Maƙeri ya ce sabon ƙarfe sabuwar bindiga ce, sai sabon lasin, kuma shi an hana shi ƙira sai da takarda. Jibrin, ɗan ƙanena, yana da tasa lafiyayya, amma aro laifi ne. Garin gyaran gira an rasa ido, Dijatu kuma ta ce girman kai rawanin tsiya, ban dai gane da wa take ba.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Yau da hantsi na tarar da birai sun cika gona, babbansu na zaune yana ɓare zangarniya. Na ɗaga 'Yar Baƙa, na juya masa wajen lambar don shi san da hukuma yake magana. Ya dube ni irin duban da Uban Hatimi ya yi mani, ya ci gaba da aikinsa. Dijatu ce ta kore su da tsohuwar tasa da muciya, munka tsira da gefen da ke bakin gulbi. Ku rufa mana asiri kada manya su ji, don gobe sai a ce tasa ma ta zo a buga mata lamba.

Wanda ke shakkar labarina shi zo gidana, kowa ya san shi. 'Yar Baƙa na rataye da layarta da lambarta, ba bindigar da ta fi ta halal a garin nan. Shi zo da albarushinsa, in ɗura masa da hannuna shi harba. Ni zan tsaya bayan katanga in zama shaidarsa cewa da safe yana da hankali.