Gubar Rogo a Jikin Tauraro

Ba zan taɓa mantawa da zaman makokin nan na Zauro ba, ko da yake na yi ta ƙoƙari.

Kwana biyu da dawowata Birnin Kebbi daga karatu a waje, Inna ta ce an yi wa Kawu Sani rashi, 'ya'yansa biyu rana ɗaya. Ban tambayi abin da ya same su ba. Na hau babur na tafi (har da tabarau, don a san an dawo).

Bayan an shafa addu'a, wani dattijo ya so rage nauyin shirun, ya ce, "Ɗan nan, mi kaka karatu can?"

Da na ce masa kimiyya na ja bakina, da an wuce wurin. Sai na gyara zama. Na ce akwai taurarin da suka tsufa, suna gab da mutuwa, suna fesar da iska da ƙura baƙa kamar ta gawayi har ta lulluɓe su. Mu kuma muna kafa ƙaton faranti, mu kama siginar rediyon da ke fitowa daga lulluɓin, kowane sinadari da irin muryarsa.

"Kun san wanda na yi bincike a kai?" na ce. "Gubar nan ta rogo mai ɗaci, mai kashe mutum in ba a jiƙa shi sosai ba. Tana can jingim. Wallahi abin sha'awa!"

Har dariya na yi. Ni kaɗai.

Yayana da ke zaune kusa da ni ya matse mini gwiwa, ya raɗa mini, "Tuwon rogo yaran suka ci. Ruwa ya cinye shinkafar Kawu bana."

Kawu Sani, wanda tun zuwana bai ɗago kai ba, ya dube ni. Na so a ce zagina zai yi.

"Tunda ka san ta," ya ce a hankali, "kwana nawa ya kamata a jiƙa rogon? Akwai sauran buhu, kuma akwai sauran yara."

Shekara uku ina auna abin nan a sama, ban san amsar ba. Wata tsohuwa ce ta ba shi ita daga bayan zana.

Takalmin wani na sa na fito, sai a hanyar gida na lura.

Yanzu in na je ta'aziyya aka tambayi aikina, cewa nake yi ina nema.