Ranar da Aka Sauko da Ni Daga Kan Kuka da Igiyar Guga

Ko zan manta da komai, ba zan taɓa mantawa da ranar da na hau tsohuwar kukar garin su matata ba. Ni malamin aikin gona ne a wata sakandare a Kusada, ita kuwa 'yar wani ƙauye ce kusa da Kunduru, mahaifinta ne mai unguwa. Kukar tana bakin gari, kakannin kakanni ma a tsaye suka same ta. Ganyenta ba ɗaci ko kaɗan, miyarsa ga yauƙi ga garɗi, har daga Kankia mata ke aikowa a saya musu.

Wata damina ɓangarenta guda ya tsage ya faɗi, aka ga cikinta ya ruɓe. Surukina ya ce sun sha shuka 'ya'yanta, amma duk wadda ta fito ganyenta ba ya kama ƙafar na uwar. Na yi masa bayani cewa iri ba ya maimaita uwa sak, sai dai a yanko reshenta a aura wa ƙaramar kuka, yadda ake auren mangwaro. Abin da zai toho daga nan ita ce tsohuwar da kanta, ta koma yarinya. Na reni ƙananan kukoki a bayan gidana, da bazara ta yi na hau babur na tafi yanko rassa.

Sale, yayan matata, shi ke hawanta ɗibar ganye, ya ce in nuna masa reshen kawai. Na ce a'a, wannan aiki ne na masu ilimin abin. (Gaskiyar magana, so nake surukai su san 'yarsu ba rago ta aura ba. Na manta rabona da hawa itace tun ina firamare, lokacin ba ni da wannan tumbin.)

Hawan bai ba ni wuya ba, akwai turaku da aka kakkafa a jikinta. Na zaɓi rassa masu lafiya, na yanka, na naɗe su a jiƙaƙƙen tsumma. Sai na leƙa ƙasa. Hular surukina na hango kamar murfin kwalba. Na miƙa ƙafa ina laluben turken farko, ya zare ya faɗi. Nan na rungume reshe kamar na ga ɗan'uwan da ya dawo daga Hajji.

"Malam, lahiya dai?" in ji surukina.

Na ce lafiya lau, ɓawon nake nazari. Ina wannan nazari aka kira azahar, aka yi salla, aka fito. Jama'a suka taru, mata na leƙe ta kan danga, har da surukata wadda ban taɓa haɗa ido da ita ba. Iska ta kaɗa, reshen ya yi ƙara, sai na ji wata siririyar murya da ban san ina da ita ba tana cewa, "Baba, don Allah a sauke ni."

Sale ya hau da igiyar guga, ya ɗaure ni ta hammata, ya rataya ta a reshe, maza suka riƙa sassautowa a hankali. Ina saukowa ina juyi kamar buhun gyaɗa, riga ta tattare har wuya, tumbi a fili. Ba halin in ja ta ƙasa, don hannu biyu na ƙanƙame tsumman nan. Surukina ya juya baya wai yana duban gona, amma kafaɗunsa rawa suke yi. Da na dira, bai waiwayo ba ya ce, "Rassan dai sun sauko?"

"Sun sauko, Baba."

"To, madalla."

Ban tsaya cin tuwo ba. A ranar na aura su, na ɗaɗɗaure da leda, kuma yawancinsu suka kama. Muka dasa wasu a garin, wasu a makarantarmu. Ba a daɗe ba wata guguwa ta kwantar da tsohuwar gaba ɗaya. Da ƙananan suka yi ganyen tsinka, surukata ta kaɗa miya da shi, ta aiko wa matata da saƙo cewa a gaya wa Malam tsohuwar kukar ce, ba ta mutu ba. Na fi mako ina tafiya ina buɗa kafaɗa.

Yanzu duk inda tsohon itace ya fara gazawa ni ake nema, kwanan nan ma wata tsamiya muka aura a Sukuntuni. Abin da na koya shi ne, ilimin zaɓen reshe daga ƙasa ma yana aiki sarai, in dai akwai doguwar gorar nuni, akwai kuma Sale.