Yadda Za Ka Zaɓi Injin Gwajin Suga Da Ba Zai Tona Maka Asiri Ba

Likita ya ce suganka ya fara hawa, ka sayi injin gwaji ka ajiye a gida? Kwantar da hankalinka. Bi matakan nan, na yi maka alkawarin lamba mai kyau kowace safiya, ba tare da ka rage ko cokali ɗaya a shayinka ba. Ba ni na ƙirƙiro su ba. Wurin kawuna tela na koya, mutumin da ya shekara biyu cur yana wasa da hankalin 'yarsa, ma'aikaciyar jinya guda.

Mataki na 1: Nemi mai mantuwa

In ka shiga kemis, kada ka tambayi wanda ya fi faɗin gaskiya. Wannan tambayar marasa wayo ce. Kawu sai da ya jujjuya injinan kamar mai zaɓen yadi.

Mai kemis ya ce, "Baba, ɗauki wannan. Yana ajiye lambobin wata uku, har ya tura wa 'yarka a waya."

Kawu ya ajiye shi da sauri. "Munafuki ke nan. Ba ni wanda in ya faɗa, ya manta."

Mataki na 2: Zargi injin tukuna

Washegari kafin karin kumallo Kawu ya soki yatsa, ya ɗiga jini a tsinken gwaji. Ɗari da casa'in. Ya ce jabu ne, ya mayar. Na biyu ya ce ɗari da casa'in da uku. Na uku ma bai yi masa kara ba.

Ka lura, in injina uku suka faɗi magana ɗaya, ba gaskiya ba ce, haɗa baki suka yi.

Mataki na 3: Gane cewa matsalar yatsa ce

'Yar tana aiki a wani gari, ta kafa doka: kullum da safe a turo mata hoton lambar. A nan gwani ke bambanta da ɗan koyo. Inji jini yake tambaya, bai taɓa tambayar na wa ba.

Jikin shagon Kawu akwai mai gyaran agogo, wanda ake kira Siriri, don in ya juya gefe sai ka neme shi ka rasa. Kawu ya leƙa.

"Maƙwabci, ara mini yatsa."

"Yatsa kuma?"

"Ɗigo ɗaya. Yarinyar nan ce ta sa damuwata a ranta, so nake hankalinta ya kwanta."

Casa'in da biyar. Aka ɗauki hoto, aka tura. 'Yar ta rubuto, "Baba, ka burge ni." Kawu ya buɗe lemon kwalba mai sanyi, ya taya kansa murna.

Mataki na 4: Samo wa kowace alama mai laifi

Ƙishirwa? Zafin gari ne. Yawan fitsari? Ai ruwan da ka sha ne, ina kake so ya je? Da matarsa ta ce, "Malam, tururuwa fa na bin inda ka yi fitsari," sai ya miƙa mata wayar ya ce ta karanta lambar da kanta.

Da kafar allurar keken ɗinki ta fara ɓace masa, ya ce masu ƙera allura sun lalace, rowar rami suke yi. Sau uku yana canza ƙwan lantarkin shago. Wani ya dawo da wando ƙafa ɗaya ta fi ɗaya, Kawu ya dube shi sama da ƙasa ya ce tsayuwarsa ce a karkace.

Mataki na 5: Kula da yatsan aro

Wata rana yatsan Siriri ya ba da ɗari da talatin. Ran Kawu ya ɓaci sosai.

"Kai wane irin mutum ne? Ba ka tausayin kanka? Za ka ja mini magana."

Daga ranar ya ƙwace gwangwanin sugan Siriri ya mayar shagonsa. Ya hana shi lemo, ya sa shi zuwa aiki a ƙafa, har asibiti ya kora shi. Likita ya ce wa Siriri ya zo a kan lokaci. Wata biyu lambar ta sauko, Kawu yana ta alfahari.

Mataki na 6: Kada ka bari 'yarka ta zo hutu

Wannan ne kaɗai Kawu ya kasa. Ta iso da safe ba sanarwa, ta same shi a kan keke yana ta cusa zare a iska, allura na gefe. Ta buɗe jakarta, ta ciro nata injin, ta kama hannunsa, ta soka da kanta. Ɗari uku da tamanin.

Ta kalli lambar, ta ce, "Baba, yatsan wa na shekara biyu ina gode wa Allah a kansa?"

Siriri, da ya shigo da yatsansa a miƙe kamar kullum, ya mayar da hannu aljihu.

Likitan ido ya ce na hagu ya tafi, ba zai dawo ba. Na dama ana ƙoƙari. Yanzu ma Siriri na leƙowa kowace safiya, garau da shi, yana gaya wa kowa cewa tela ne ya ceci ransa. Shi ke sa wa Kawu zare a allura kafin ya buɗe nasa shagon. In zaren ya tsinke, Kawu zama yake ya jira.

Sanarwa

Lamba mai kyau na yi maka alkawari, kuma ka samu. Ban ce komai a kan ido, ƙafa ko ƙoda ba, don haka duk abin da ya biyo baya babu ruwana, babu ruwan mai kemis. In kuma rubutun nan ya fara yi maka dishi-dishi, laifin mai bugawa ne. Ba maƙwabcinka ya ƙarasa karanta maka.