Damin Malam Sule a Gaban Bagadi

Ba zan taɓa mantawa ba da Lahadin baikon godiya ta shekarar da ruwa ya ci gonata. Har yau in na tuna sai in ji wuyana ya yi nauyi, kamar damin yana nan a kaina.

Mu ba mu da yawa a ƙauyenmu, can gefen Bagwai. Gidajen Katolika ne kaɗan a tsakiyar 'yan'uwa Musulmi, da wata ƙaramar majami'a mai yoyo ta gefe ɗaya. Fada, wato limaminmu, sau ɗaya yake zuwa a wata daga birni, sauran ranaku mu ne da Katikis, malamin da ke koyar da mu addini. Kullum da sassafe, kafin kowa ya saɓa fartanya, mukan taru a yi addu'a, a karanta karatun ranar, sai mutum ɗaya ya tashi ya yi ɗan tsokaci a kai. Da idon Katikis ya fara rauni, aka ɗora mini wannan aikin. Ni kuwa Allah ya ba ni baki. (Matata Saratu takan ce da da baki ake noma, da gidanmu ke ciyar da Kano.)

Da kaka ta matso, maganata ɗaya ce kowace safiya. "Ku gode da abin da ke hannunku, ko zangarniya ɗaya ce. Ubangiji ba girman baiko yake dubawa ba, zuciya yake dubawa." Tsofaffi suna gyaɗa kai, ni kuma ina ƙara kumbura.

Abin da ban taɓa sakawa a tsokaci ba shi ne halin da rumbuna ke ciki. Gonata a kwari take, ruwa ya kwanta a cikinta har geron ya ruɓe a tsaye. Ɗan abin da muka tsira da shi ko Kirsimeti ba zai kai mu ba.

A wurinmu ranar godiya gida-gida ake kira. Maigida ya ɗauko abin da ya noma, iyalinsa na biye, a tako rawa daga ƙofa har gaban bagadi, teburin da Fada ke tsayawa a bayansa. Bayan an idar da ibadar Misa kuma, dattawa sukan zaɓi gidan da shekara ta fi yi wa tsanani, a ɗauki damin da ya fi kowane girma a kai musu da ganga. Al'ada ce mai kyau, na sha yaba ta da bakina. Amma a raina ta gwauraye ce da marasa lafiya, ba ta mai tsokaci ba. Na ƙudura ko ta halin ƙaƙa ba za a gane babu a gidana ba.

Saratu ta ce, "Maigida, mu auni ƙwarya ɗaya mu kai. Ai kai ka ce zuciya ake dubawa."

Na ce, "Wannan don jama'a na faɗa."

Ta dube ni, ta ci gaba da tankaɗenta.

Ranar Asabar na zagaya wurin maƙwabcina Malam Sule, mai koyar da karatun allo a zaurensa. Gonarsa a tudu take, shi ya samu. Na yi ta kewaye-kewaye kafin na ce ya ara mini dami ɗaya, in kaka ta zagayo in mayar. Bai tambaye ni dalili ba, ya buɗe rumbu ya ce in zaɓa. Mai kunya da ya ɗauki matsakaici. Ni na jawo wanda sai da muka kama mu biyu.

Da aka kira gidanmu ranar Lahadi, na shigo sanye da farar rigata, dami a ka, ina takawa a hankali don kowa ya ƙoshi da kallo. Mata suna guɗa. Saratu na biye da ni, idonta a ƙasa. Na kusa bagadi ke nan mai ganga ya tsagaita don ya gyara zama, majami'a ta yi tsit. Daidai nan Inna Talatu, tsohuwar da ta fi kowa shekaru a cikinmu, ta karkato daga bencin gaba. Kunnenta ya yi nauyi, saboda haka ba ta iya magana a hankali ba.

"A'a, Malam Sule ma ya aiko da baiko bana? Allah ya yi masa albarka."

Abin da na manta shi ne Malam Sule bahago ne. In ya ɗaure dami da kaba, ƙullinsa ta hagu yake murɗawa, ya kitse jelar ya soke ta ƙasa. Duk wanda ya taɓa zuwa gayyar girbi a ƙauyenmu ya san wannan ɗaurin, kuma babu wanda bai taɓa zuwa ba. Ashe tun daga ƙofa kowa ya gane, kawaici kawai ake yi mini. (Har guɗar ma yanzu ina shakkarta.)

Wani ya yi tari don ya danne dariya, ba ta dannu ba, sai ta ɓarke daga baya zuwa gaba. Fada, da yake baƙo ne, ya sunkuya yana tambayar Katikis abin da ya faru, Katikis kuma yana yi masa bayani har da nuni da hannun hagu. Na sauke damin, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Na ɗauka an gama da ni ke nan. Bayan Misa Katikis ya tashi ya ce dattawa sun daɗe da yanke shawarar gidan da za a kai wa baikon bana, tun ranar da suka ga yadda ruwa ya kwanta a kwari. Ya ambaci sunana. Aka duba damin da ya fi girma, to wane ne in ba wanda na zaɓo da hannuna ba. Matan zumuntar majami'a suka ɗauke shi, suka haɗa da gyaɗa da wake da dawa, aka nufi gidana da ganga, ina tafe a baya. Hanyar kuwa ta ƙofar zauren Malam Sule ta bi. Yana zaune a kan buzunsa. Ya dubi damin, ya dube ni, ya ce, "Sannunku da dawowa."

Da la'asar na kinkimi damin na kai masa, na ce ga kayansa. Ya ƙi ko taɓawa.

"Ni na ara maka, kai ka ba Allah, Allah ya ba ka kyauta. Ni wane ne da zan karɓe? Maganar aro ma ta wuce. Amma ka ɓata mini rai, maƙwabci. Da ka ce mini babu ce, da biyu zan ba ka."

Wannan maganar ta fi dariyar majami'a shiga jikina. A nan hawaye suka zo mini, ban kuma ɓoye su ba.

Washegari da sassafe na so in fake da ciwon kai, Saratu ta miƙo mini hulata. Aka yi karatu, na tashi don tsokaci, na nemi bakin nan nawa na rasa. Na dubi mutanen da suka san halina sarai, suka yi mini dariya, suka kuma cika mini rumbu. Abin da ya iya fita kawai shi ne, "Na gode." Na zauna.

Inna Talatu ta ce, da ƙarfi kamar kullum, "Yau kam na ji duk abin da ya faɗa."

Hatsin nan da wanda ya biyo bayansa daga gidaje daban-daban shi ya kai mu damina. Har yanzu ni ke yin tsokacin safe, sai dai ya gajarce, kuma ba na faɗin abin da ba zan iya ɗauka a kaina in shiga da shi gaban jama'a ba. Bara gonar ta yi kyau, na kai dami madaidaici, ɗaurin hannuna. Inna Talatu sai da ta sa aka juyo mata ƙullin ta duba.