Sharar Kwamiti

A wani daji da ke gangaren wani gari, akwai rafin da mutanen garin suka mayar ma'ajiyar duk abin da suka gaji da shi: leda, gwangwani, robar lemo, har da silifas wari guda. Wata shekara sharar ta taru ta toshe 'yar hanyar da ruwa ke bi ya shiga kududdufin wata kwaɗuwa mai suna Tasalla. 'Ya'yanta na ciki, ko ƙafa ba su fitar ba, daga kai sai wutsiya, ga ruwan kullum sai ja da baya yake yi.

Kada a ce dajin ba hukuma. Akwai Kwamitin Tsabtace Rafi, shekararsa uku da kafuwa, Gadu ne shugaba, Hawainiya sakatariya. Sun ɗinka huluna, sun sa ranar ƙaddamar da aiki sau huɗu suna ɗagawa, domin babban baƙo, Mai Girma Balbela, ya raka shanu kudu.

Tasalla ta je ta durƙusa ta kai kuka. Hawainiya ta dube ta da ido ɗaya, ɗayan yana kan wani ƙuda, ta ce, "Baiwar Allah, maganarki tana gabanmu."

Da ta ga maganar ta ji daɗin zama a gaban nasu, sai ta koma ta kama aiki ita kaɗai. Ta ja da baki, ta tura da ƙirji, kwana shida cur. Ran na bakwai ruwa ya ɓalle ya cika kududdufin, yara suka dinga wutsil-wutsil. Murnar da Tasalla ta yi ba ta faɗuwa.

Kafin azahar aka aiko kiranta.

Gadu ya gyara hula ya ce, "'Yan'uwa, yau an yi mana abin da ba a taɓa yi ba. Shekara uku muna kiwon sharar nan, muna zama a kanta, mun aika wa babban baƙo cewa ta kai wuyan barewa. Yanzu idan ya iso, me za mu nuna masa? Ruwa? Ruwa ai ko'ina akwai shi! Ke Tasalla, wa ya ba ki izinin taɓa sharar da ba a ƙaddamar da kwashe ta ba?"

Tasalla ta ce, "Ranka ya daɗe, ni na ɗauka so ake a kwashe."

"So ake mana! Amma ba haka kawai da ka ba. Idan kowa ya ga ƙazanta ya kwashe, ina amfanin kwamiti?"



Aka yanke cewa ta mayar da komai inda ta same shi. Ta ce, "Ranka ya daɗe, yarana fa? Ruwan nan shi ne ransu." Gadu ya ce ta kwantar da hankalinta, jibi-jibin nan za a yi taro. Ta mayar tana hawaye, Hawainiya na tsaye tana nuna mata inda silifas yake a da. Da aka ga tarin bai kai na da kwarjini ba, aka tura Biri gari ya ƙaro, don kada a ji kunyar baƙo.

Jibi ta zama mako uku.

Ranar taro kuwa an ƙure adaka. Balbela ya iso cikin farar riga, ya leƙa taɓo ya ja da baya. Nan da nan aka wanke leda guda aka shimfiɗa masa a kan ciyawa. Ya ɗaga ta da tsinin baki, daji ya ɗauki tafi. Aka raba ruwan leda, aka sha, aka jefa a rafi. Aka kira Tasalla a ba ta lambar yabo ta biyayya, ba ta taso ba. Tana zaune bakin kududdufinta, ta zuba wa busasshen taɓo ido.

A rahoton da Hawainiya ta rubuta, ta ce taro ya gudana cikin natsuwa, har ta yaba wa tarbiyyar yaran kududdufin da ke kusa da rumfar taro, domin daga farko har ƙarshe ba wanda ya ji motsinsu.